Ma'anar "aikin hannu" a kasuwancin kayan katako ta intanet

Mutumin da ya saba shiga ɗakin aikinsa a ranakun hutu ya sassaƙa cokali, ko ya harhaɗa ɗan akwati don jin daɗin kansa, babu wanda zai tambaye shi yadda ya yi. Amma ranar da ya ɗauki hoton kayan ya ɗora a intanet da niyyar sayarwa, dole ya rubuta wani abu a ƙarƙashin hoton, kuma abin da kusan kowa ke rubutawa shi ne "aikin hannu". Kalmar tana da daraja a kasuwa, domin da ita mai saye ke lallashin kansa ya biya kuɗin da ya haura na kayan kamfani, shi ya sa ma'anarta ta zama abin jayayya tsakanin masu sana'ar.

A tunanin masu saye da yawa, aikin hannu shi ne abin da inji bai taɓa ba. A sana'ar katako wannan fahimta ba ta zama daram, saboda katakon da kafinta ya sayo, inji ne ya tsaga shi tun daga gungume, sau da yawa kuma a ɗakin zafi aka busar da shi. Shi kansa kafintan yakan yi amfani da zarton lantarki da injin huda da injin goge fuskar katako. Idan aka ce duk wanda ya kunna inji ya fita daga sahu, to kaɗan ne za su rage.

Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na David Pye, wanda ya koyar da zanen kayan ɗaki a wata babbar kwalejin fasaha da ke Landan, kuma shi da kansa masassaƙi ne. A shekarar 1968 ya raba aiki gida biyu, wato aikin kasada da aikin tabbas. Aikin kasada shi ne wanda kyawunsa ya rataya a kan ido da hankali da natsuwar mai yin sa a kowane lokaci, ta yadda kuskure ɗaya zai iya ɓata shi. Aikin tabbas kuwa, an riga an yanke yadda zai fito tun kafin a fara. Mai rarake cikin cokali da wuƙa, idan ya kusa gamawa, yakan tsaya ya matsa bakin cokalin tsakanin babban yatsa da manuniya don ya ji kaurin da ya rage, ya sake ɗibar ɗan ɓawo siriri, ya sake matsawa, domin ya san yanka ɗaya da ya zarce zai huda aikin yini guda. Wanda ya ɗora katako a kan injin sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta ba ya cikin wannan fargaba, ko da shi ya zana siffar. A wannan ma'auni, mai juya kwano a kan inji yana riƙe da ƙarfen yanka da hannunsa aikin kasada yake yi, duk da ƙarar injin da ta cika ɗakin.

A nan ne mai sha'awa da ya koma ɗan kasuwa ke shiga tsaka mai wuya. Lokacin da yake yi don nishaɗi, abu ɗaya yake yi a mako, kuma bai damu da sa'o'in da ya ci ba. Da zarar oda ta fara shigowa, sai ya gane cewa ba zai ci riba ba sai ya yanke lokaci, sai ya ƙera samfurin da zai riƙa bi yana yanka guda ashirin a tashi ɗaya, daga baya ya sayi injin zana suna da hasken lesa, wata rana kuma ya ba wani kwangilar yanka, shi ya tsaya a kan gogewa da shafa mai. Kowane mataki yana da hujjarsa, amma kowane mataki yana matsar da shi daga kasada zuwa tabbas, alhali rubutun da ke ƙarƙashin hoton bai canza ba.

Manyan kasuwannin intanet ma sun sha fama da wannan. Etsy, wanda aka kafa a Brooklyn ta birnin New York a 2005 don masu aikin hannu, ya sassauta dokarsa a 2013, ya yarda mai shago ya ɗauki ma'aikata ko ya haɗa kai da wata masana'anta, muddin shi ne ya zana kayan kuma ya bayyana hakan. Tsofaffin masu shaguna da yawa sun ga wannan a matsayin zubar da ƙimar kalmar. Amazon ya buɗe nasa sashen kayan aikin hannu a 2015. A 2024 kuma Etsy ya raba kayan da ake sayarwa a cikinsa zuwa rukuni huɗu: abin da mai shago ya ƙera, abin da ya zana, abin da ya zaɓo, da abin da ya samo. Wannan rabe-rabe tamkar amincewa ce da cewa kalma ɗaya ta gaza ɗaukar nauyin da aka ɗora mata. A Amurka, hukumar kula da cinikayya ta tarayya tana da ƙa'ida mai tsauri a kan kalmar, amma ga kayan ado irin su zobe da sarƙa: sai an siffanta su an kuma kammala su da hannu, ta hanyoyin da hannu ke sarrafawa.

A ganina, mai ƙaramin shago ya fi samun kwanciyar hankali idan ya faɗi abin da ya yi dalla-dalla maimakon ya jingina da kalmar ita kaɗai. Ya rubuta irin itacen, ya ce inji ne ya yanka siffar, hannu ne ya rarake ya goge, ya kuma ambaci irin man da ya shafa, musamman idan abinci zai taɓa kayan. Akwai kuma abin da ya kamata ya faɗa tun kafin a tambaye shi, wato cewa abin da zai iso ba zai zama kwafin na cikin hoto ba. Jijiyar itace da launinsa sukan bambanta ko a cikin falanki ɗaya, kuma katako yana shan laima yana sakin ta, yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa. Kafintoci kan busar da na kayan cikin ɗaki har danshinsa ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, duk da haka murfin akwatin da ya zauna cif a ɗakin aiki zai iya ɗan cijewa idan ya sauka a gari mai laima.