Tafiyar jirgin sama daga Kano zuwa Jidda

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400, in aka bi miƙaƙƙiyar hanya. Kano na kusa da digiri 12 arewa da layin ikwaita, Jidda kuwa kusa da digiri 21 da rabi, don haka idan samaniyar Sudan a buɗe take, jirgi yakan fuskanci gabas maso arewa, ya ratsa samaniyar Chadi da Sudan, ya ƙetare Bahar Maliya sannan ya sauka.

Manyan jiragen fasinja suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama. A lissafin takarda ke nan awa huɗu ta isa, amma hawa da sauka da jiran izinin sauka sukan kai tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar. Iska ma na da tata rawar, shi ya sa zuwa da dawowa ba sa cika zama daidai. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, abin da kan rikita sabon matafiyi: jirgin da ya tashi ƙarfe goma na dare zai sauka wajen biyar na asuba agogon Jidda, alhali awa biyar kacal ya yi a sama. Wanda ya bi ta Alƙahira ko Addis Ababa kuwa, jiran canjin jirgi kan cinye masa yini.

Tsawon tafiyar ya dogara ne ƙwarai ga samaniyar Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka rufe ta, jiragen alhazan wannan shekarar sai da suka yi zagaye, lokaci ya ƙaru, mai ya ƙaru, kuɗin jigila ma ya tashi.

Wannan layin da jirgi ke bi bai yi nisa da tsohuwar hanyar alhazan ƙasa ba. Mahajjata kan bi ta Barno da Abeche, su shiga Darfur ta El Geneina da El Fasher, su kai Kogin Nilu, daga nan su nufi Sawakin su hau jirgin ruwa. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin mutane sukan tsaya su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri. Da yawa ba su koma gida ba, kuma zuriyarsu na cikin Hausawan Sudan na yau.

Filin jirgin Jidda na yanzu an buɗe shi a 1981, yana da sashen alhazai na musamman mai rufi kamar tantuna. Daga can zuwa Makka kusan kilomita 100 ne a mota. Yawancin alhazan Najeriya a shekarun nan Madina ake fara sauke su, wadda ta ɗara Jidda nisa daga Kano da kimanin kilomita 150.