Me ya sa kogunan Alaska suke yin tsatsa?

Wai da gaske ne ruwan kogi ya koma ja?

Da gaske ne. A tsaunukan Brooks da ke arewacin jihar Alaska ta Amurka, koguna da ƙoramu da a da ake hango tsakuwar ƙasansu sun rikiɗe sun zama kalar tsohon kwanon rufi da ruwa ya ci. Binciken da masanin muhalli Jon O'Donnell ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2024, ya ƙirga wurare 75 da abin ya shafa.

Ba irin jan ruwan damina ba ne?

Ko kusa. Jan ruwan damina laka ce, a zuba shi a randa ya kwana, da safe ya kwanta. Wannan kuwa daga cikin dutse yake fitowa. Ƙasar yankin ta yi dubban shekaru a daskare, ƙanƙara ta kulle ma'adinan da ke cikinta. Yanzu yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya inda tsaunukan suke, yana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya, ƙanƙarar tana narkewa, ruwa da iska suna isa ga duwatsu masu ƙarfe da farar wuta. Da sun haɗu sai asid ya samu, ya narkar da ƙarfe, tagulla, zinki da kadmiyam, ya kwashe su zuwa kogi. Ƙarfen ne ke yin tsatsa idan ya sha iska. A wasu ƙoramun ma'aunin tsamin ruwa ya sauka zuwa 2.3, wato tsamin lemun tsami, alhali ruwan yankin ya saba zama wajen 8 (a wannan ma'auni, raguwar lamba ƙaruwar tsami ce). Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, irin wannan gurɓata a bakin mahaƙar ma'adinai aka san ta, nan kuwa yawancin wuraren ko hanyar mota babu.

Ina ruwan masu ɗaukar hoto da wannan?

Yawancinsu ba sa shiguwa sai da jirgi mai saukar ungulu, don haka hoto ne ya nuna wa duniya. Taylor Roades, 'yar Kanada, ta ɗauko su daga sama: jan ruwa yana kwarara cikin koren daji, ga inda ya haɗu da ruwa garau, layi tsakaninsu kamar an ja da wuƙa. Tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam kuma sun nuna canjin tun 2008.

Wa abin ya fi cutarwa?

Kifi da masu cinsa. Wata ƙorama ta kogin Akillik ta sauya launi tsakanin 2017 da 2018, kifayen da aka ƙirga a cikinta aka neme su aka rasa. Ƙauyukan 'yan asalin yankin, mutanen Inupiat, da kifin nan suke cika rumbunsu na hunturu, daga kogunan nan kuma suke sha.