Ba kowane ciwon daji ake gada ba

Da zarar an ji cewa ciwon daji daga ƙwayoyin gado yake tasowa, sai a ɗora wa iyaye laifi. Ba haka abin yake ba. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kawai ake gada, kamar lahanin ƙwayar gado mai suna BRCA1 da ke kan kuromosom na 17 (kuromosom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar jiki), mai ƙara haɗarin sankarar mama.

Sauran kuwa, bayan haihuwa ƙwayoyin gadon ke lalacewa, saboda taba, tsufa, ko kuskure wajen rabuwar ƙwayoyin jiki. Dubi wata sankarar jini: a 1973 masaniyar ƙwayoyin gado Janet Rowley ta gano cewa kuromosom na 9 da na 22 ne ke musayar guntaye. A ɓargon majinyacin abin ke faruwa, 'ya'yansa ba sa gadonsa.