Dokar filashin a ginin kwano: ba ta ce a rushe ginin kowa ba, ba ta kuma haramta silikon ba

Tun da maganar filashin ta fara yawo a bakin masu aikin kwano da masu ba su aiki, zance uku nake ta ji ana maimaitawa, kuma babu ɗaya a ciki da ya zauna daidai. Na farko, wai duk ginin da aka yi wa bango ko rufin kwano ba tare da filashin ba, hukuma na iya zuwa ta rushe shi. Na biyu, wai an haramta silikon, wato danƙon da ake toshe mahaɗa da shi, kwata-kwata. Na uku kuwa kishiyar na biyun ne: wai muddin ka ɗura wa kowace mahaɗa silikon har ya tumbatsa, to ka sauke nauyin doka. Biyun farko tsoro kawai suke jefawa a zukatan mutane. Na ukun shi ne ke cinye musu gini a hankali ba su sani ba, kuma shi ya fi damuna.

Ga wanda ba ɗan hannu ba, filashin siririn ƙarfe ne da ake lanƙwasawa a sa a duk inda abu biyu suka haɗu a jikin gini: inda rufi ya tarar da bango, saman taga da ƙarƙashinta, inda bututu ya huda kwano ya fito, bakin indararo. Fallen kwano shi kansa ba ya shan ruwa, tsakiyarsa ba ta yoyo sai in an huda ta ko tsatsa ta cinye ta. Yawancin ɗigar da ake fama da ita a ginin kwano daga gaɓa take, inda aka yanka, aka haɗa, ko aka daki ƙusa.

Ƙa'idar da aka fi kafa hujja da ita a wannan fanni tana cikin kundin International Building Code, wato IBC, wanda ƙungiyar International Code Council ta Amurka ta fara fitarwa a shekarar 2000, take kuma sabunta shi duk bayan shekara uku. Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne kundin samfuri ne. Ba ya zama doka a ko'ina sai hukumar wurin ta ɗauke shi ta zartar, sau da yawa ma da nata gyare-gyaren. Jihohin Amurka da biranenta sun yi haka, Saudiyya da Abu Dabi ma a kansa suka ɗora nasu kundin. Saboda haka duk wanda ya ce maka dokar duniya ce, ka tambaye shi wace hukuma ta zartar da ita a inda ginin yake, kuma bugun wace shekara. Lambobin sassan da zan ambata na bugun 2018 da 2021 ne, a na 2015 wasunsu daban suke. Inda aka zartar da shi, ya hau kan shaguna, masana'antu, rumbunan ajiya, makarantu da manyan gidajen haya. Gidan iyali ɗaya ko biyu kuwa yana ƙarƙashin ɗan'uwansa, kundin IRC, wanda ya faɗi kusan abu guda.

To, me sashe na 1404.4 ya ce? Ya ce a sa filashin ta yadda zai hana ruwa shiga bango, ko kuma ya karkatar da wanda ya shiga ya mayar da shi waje. Sannan ya lissafa wuraren: kewayen ƙofofi da tagogi, inda aka huda bango, inda bangon ya ƙare, inda ya haɗu da rufi ko baranda ko bututun hayaƙi, da duk wani wuri makamancin haka da ruwa zai iya bi.

Wannan "ko" ɗin da ke tsakiyar jimlar shi ne duk rikicin. Mutane suna karanta rabin farko su tsaya, sai su fahimci cewa doka na son a toshe kowace kafa. Amma waɗanda suka rubuta ta sun riga sun yarda cewa ruwa sai ya shiga. Iska tana tura shi sama, ya haura ta ƙarƙashin falle. Siririyar tazarar da ke tsakanin kwano biyu tana tsotsarsa kamar yadda lagwani ke jan mai. Shi ya sa sashe na 1402.2 ya nemi a sa shimfiɗa mai tare ruwa a bayan kwanon, a kuma bar wa ruwan da ya kutsa hanyar fita. Wanda ya liƙe ƙasan filashin da silikon ya rufe wannan hanya da hannunsa. A zatonsa ya yi fiye da abin da aka nema, alhali rabin jimlar na biyu ya karya.

Na taɓa tsayawa ana kwance bangon wani ɗakin ajiya da bai wuce 'yan shekaru ba. Daga waje babu abin da ake gani sai wani siririn layin tsatsa da ya gangaro daga kusurwar taga. Filashin yana nan, mai kauri ne ma, amma an ɗora shi a kan fallen da ke sama maimakon a cusa shi ƙarƙashinsa, aka bi bakin da silikon. Da rana ta busar da silikon ɗin ya tsage, sai filashin ya koma mazurari, duk ruwan da ya gangaro daga saman bangon ciki yake zubawa. Da aka ɗaga fallen, audugar da ake cusawa don tare zafi ta jiƙe sharkaf, ƙarfen da ke riƙe da kwanon kuwa in ka goga yatsa sai ɓawo ja ya biyo ka. Mai ginin ya biya kuɗin filashin cif, abin da bai samu ba shi ne jeri. Kundin IRC ya fayyace wannan a sashe na R703.4: na sama ya hau kan na ƙasa, kamar yadda gashin tsuntsu yake kwance, ruwa ya bi ta kai ya wuce.

Akwai togaciya ga wanda ya dage cewa bangonsa ba ya bukatar shimfiɗar baya, amma sai ya tabbatar da hakan a ɗakin gwaji. Za a haɗa samfurin bangon da bai gaza mita 1.2 da mita 2.4 ba, da taga ko ƙofa da mahaɗa a jikinsa, a yi ta watsa masa ruwa tsawon awa 2 ƙarƙashin matsi kwatankwacin iska mai gudun kilomita 80 a awa, bisa tsarin gwajin ASTM E331. Cewar kafinta "wallahi ba zai yi yoyo ba" ba ta maye gurbin wannan.

Batun haramta silikon kuwa, kundin da kansa ya ƙaryata shi. A sashe na 1507.4.2, rufin kwanon da aka ɗora falle kan falle ba danƙo a tsakani, gangararsa ba za ta gaza kashi 25 cikin ɗari ba. In an sa danƙo a mahaɗar, an yarda ta sauko har kashi 4. Rufin da ake naɗe bakinsa a tsaye yana iya sauka zuwa kashi 2. Ashe doka ta san danƙo, har rangwame take yi saboda shi. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne ya zauna a gurbin filashin, kuma dalilin a fili yake. Ƙarfe yana motsi. Alminiyam mai tsawon mita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 50 tsakanin sanyin asuba da tsakar rana, yana miƙewa da kusan milimita 12. Baƙin ƙarfe kuma kusan 6. Kullum sai ya miƙe ya koma. Danƙon da aka matse tsakanin falle biyu, rana ba ta ganinsa, yana iya jure wannan shekara da shekaru. Wanda aka shafa a fili yana fuskantar rana kuwa kwanansa ƙidayayye ne. Ga kuma wani abin da ba kowa ya sani ba: silikon mai warin tsami yana cin ruwan zinkin da aka shafa wa kwano, marar tsamin ake nema.

A kan ƙarfen kansa magana biyu kawai sashe na 1503.2.1 ya yi: ya kasance mai jure tsatsa, kaurinsa kuma kada ya gaza milimita 0.483. Bai ambaci sunan kamfani ba, bai ce sai na ƙasar waje ba. Sai dai jure tsatsa ba a jikin ƙarfe ɗaya yake tsayawa ba. Jan ƙarfe da dalma suna da ƙarko su kaɗai, amma in suka taɓa kwano mai rufin alminiyam da zinki ga danshi a tsakani, kwanon ne zai ci wuya. Ko ruwan da ya gangaro daga kan jan ƙarfe ya isa.

Yanzu tsofaffin gine-gine, inda tsoron ya fi yawa. Sashe na 102.6 ya ce ginin da ake amfani da shi bisa ƙa'ida kafin a zartar da kundin yana iya ci gaba yadda yake. Rashin filashin a tsohon gini shi kaɗai ba dalilin rushewa ba ne. Ana taɓa tsohon gini ne in ya zama haɗari ga rayuka, wannan kuma wani sashe ne daban, kuma ko a nan gyara yana cikin zaɓin da ake ba mai shi. Inda sabuwar ƙa'ida ke kama ka shi ne ranar da ka tashi sauya rufi: filashin da ya yi tsatsa ko ya lalace ba a mayar da shi, sai sabo.

Hukuncin fa? Duk wanda ya faɗa maka wani adadi ya ce ita ce tarar da IBC ya yanka, bai buɗe kundin ba. Sashe na 114 bai sa ko sisi ba, cewa ya yi hukunci shi ne wanda dokar wurin ta tanada. Kuma matakan a jere suke. Jami'in duba gini zai ba da takardar gargaɗi ga wanda ke da alhakin aikin, ya nemi a gyara. Sai in an yi kunnen uwar shegu da takardar ne zancen zai kai ga lauyan hukuma. Jami'in yana da ikon dakatar da aiki ƙarƙashin sashe na 115, kuma wanda ya ci gaba da aiki bayan an dakatar da shi, ba gyaran da aka umarce shi yake yi ba, a nan tara ke hawa kansa. Yana kuma iya riƙe takardar shaidar shiga gini har sai an gyara.

Ni a ganina hukuncin da ya fi zafi ba tara ba ce, wani layi ne a sashe na 110. Ya ce aiki ya kasance a buɗe, ana iya ganinsa, har sai jami'i ya amince, kuma in sai an kwance wani abu kafin a iya dubawa, hukuma ba ta da ruwa da kuɗin kwancewa da mayarwa. Ka tuna filashin abu ne da ake binnewa. Rabinsa yana ƙarƙashin falle, ana gama ɗaure bango ya ɓace. Ɗan kwangilar da ya yi gaggawar rufewa kafin lokacin dubawa yana iya jawo a warware bango guda don a leƙa ƙarfen da bai fi faɗin tafin hannu ba. Nauyin barin aikin a buɗe kuma a kan mai gini ko wakilinsa kundin ya ɗora shi.

Nan ne nake ganin dokar ta ɗan yi wa mai gini nauyi. Shi bai san na sama daga na ƙasa ba, ya ɗauko ƙwararre ne don bai sani ba, amma shi zai kwana da ginin da aka hana shi shiga. Wani gurbin kuma shi ne sashen bango bai faɗi santimita nawa filashin zai hau kan ɗan'uwansa ba. An bar wannan ga umarnin kamfanin da ya ƙera kwanon da kuma amincewar jami'i, kuma a ma'anar kundin, abin da aka amince da shi shi ne abin da jami'in ya karɓa. Babban kamfani mai injiniya da zane a hannu ba ya jin wannan. Ƙaramin mai aiki da ya sayi kwano ba takarda shi ke tsayawa gaban jami'i ba shi da abin nunawa. Duk da haka ba zan ce a soke sashen ba, don na ga abin da ruwa ke yi wa ƙarfe a ɓoye, kuma mai haya da ke ajiye kayansa a ƙarƙashin rufin ba shi da wata kariya sai wannan doka.

Wanda bai gamsu da hukuncin jami'i ba yana da damar ɗaukaka ƙara gaban kwamitin da sashe na 113 ya tanada, amma a kan hujja uku kawai: an yi wa dokar gurguwar fassara, ko ba duka sharuɗɗanta ne suka shafi aikinsa ba, ko yana da wata hanya da ta kai wadda aka nema inganci ko ta fi ta. Kwamitin ba shi da ikon yafe wa kowa sharaɗi, don haka kukan tsadar gyara ba ya shiga nan. Abin da ke shiga shi ne takardar umarnin kamfanin kwano, da zanen mahaɗar, da hotunan da aka ɗauka kafin a ɗora fallen ƙarshe, waɗanda ke nuna bakin filashin ya shige ƙarƙashin na samansa, ƙasansa kuma a buɗe.