Nosferatu na 2024: amsoshin tambayoyin da kuka ƙi daina yi

Tambayoyin nan su ne dai suke ta dawowa tun da fim ɗin Robert Eggers ya fito ranar 25 ga Disamba, 2024. Ga su wuri guda. A sani, zan tona ƙarshen labari. Labarin da ya haura shekara ɗari ba shi da sauran asiri.

Dracula ne ko wani labari ne daban?

Dracula ne da aka sauya wa suna. Bram Stoker, marubuci ɗan ƙasar Ayilan, ya fitar da littafin a 1897. A 1922 wani ƙaramin kamfanin Jamus, Prana Film, ya mayar da shi fim ba da izinin kowa ba, F. W. Murnau ya ba da umarni. Don a ɓad da sawu sai aka kira Dracula da Orlok, Jonathan Harker ya koma Thomas Hutter, matarsa Mina ta koma Ellen, aka ɗauke labarin daga Ingila aka kai shi wani ƙirƙirarren gari na Jamus a shekarar 1838. Dabarar ba ta ci ba. Florence, matar da Stoker ya rasu ya bari, ta kai ƙara, a 1925 kotu ta ce a lalata duk kwafin fim ɗin. Wasu kwafin sun tsira, shi ya sa har yau ake kallonsa. Werner Herzog ya sake ɗaukarsa a 1979, Eggers ya sake a 2024. Saboda haka wannan jikan littafin ne, ba ɗansa ba.

Sai na karanta littafin, ko na kalli na 1922, kafin in gane?

A'a.

Orlok aljani ne?

Gawa ce. A fim ɗin an ce matsafi ne tun yana raye, Shaiɗan ya hana shi hutawa a kabari, yake tashi da dare yana shan jini. Shi ya sa bayan kansa da gadon bayansa suke a ruɓe, numfashinsa yake fita da ƙyar. Dole ya koma akwatinsa, cikin ƙasar da aka binne shi, kafin zakara ya yi cara.

Me ya kawo gashin baki? Ya ɓata dodon.

Bai ɓata komai ba, ku ne kuka saba da wani hoto. Dracula mai aski tas da baƙar alkyabba na Bela Lugosi ne, fim ɗin 1931. Mai sanƙo da haƙoran ɓera na Max Schreck ne, 1922. Wanda Stoker ya rubuta kuwa dogon tsoho ne mai dogon farin gashin baki, yana nan a farkon littafin ga mai son dubawa. Hujjar Eggers a fili take: basaraken yankin Tiransilbaniya (a Romaniya ta yau, inda Orlok ya fito) na ƙarnonin baya ba ya zama ba gashin baki, ku dubi zanen Vlad, sarkin Walakiya da ke maƙwabtaka da shi. Haka babbar rigar fata mai dogayen hannuwa da hular gashi, duk tufafin manyan wancan yanki ne. Bill Skarsgård ne a ƙarƙashin kwalliyar, kuma ranar da za a nuna jikinsa duka yakan shafe kusan awa 6 a kujerar masu kwalliya.

Na kunna, duhu kawai nake gani. Fayil ɗina ne, talabijin ɗina ne, ko haka fim ɗin yake?

Wannan ce tambayar kirki, kuma ba ta da amsa guda, don yawanci abu biyu ko uku ne suke haɗuwa. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ku taɓa komai a lokaci guda.

Da farko, wani duhun na fim ɗin ne. Mai ɗaukar hoto, Jarin Blaschke, ya ɗauka a kan faifan fim mai faɗin milimita 35, ya haskaka wurare da yawa na cikin ɗaki da kyandir da wutar murhu. Wuraren farin wata kuwa ya sa wa kyamara wani matacin haske da yake tare ja, don idon mutum ma cikin dare ba ya ganin ja. Saboda haka idan kun ga dare ya fito shuɗi-shuɗi mai toka, kusan ba launi, ba lalacewa ba ce, kada ku ƙara launi. Haka fuskar Orlok: a zuwan Thomas gidansa da gangan aka ɓoye ta, ko dai tana cikin inuwa ko kyamara ba ta mai da hankali kanta ba. Babu saitin da zai fito muku da ita a wannan wuri. Ma'aunin da za ku yi amfani da shi shi ne mararrabar dajin da keken doki yake zuwa ɗaukar Thomas. Ya kamata ku ga jikin bishiyoyi da ƙanƙara tana zuba. Idan baƙi ne ƙirin da ɗan mutum a tsakiya, to matsala daga wajenku take.

Na biyu, fayil. Nan ne mafi yawanku kuke faɗuwa. Fim ɗin minti 132 ne, wato daƙiƙa 7,920. Idan aka matse shi ya koma MB 300, kowace daƙiƙa ta samu kusan kashi uku cikin goma na megabit ɗaya ke nan, alhali hoton 1080p mai kyau a intanet yana cin wajen megabit 5. Manhajar matse bidiyo kuma wurin duhu take fara yi wa sata, don tana ɗauka ido ba zai lura ba. A fim ɗin da aka yi da rana ba za ku damu ba. A nan kuwa rabin fim ɗin duhu ne, sai ku ga inuwa ta zama murabba'ai masu motsi, hayaƙi ya zama layi-layi. Bidiyo na yau da kullum matakan haske 220 ne kawai tsakanin baƙi da fari, wurin dare kuma ƙalilan na can ƙasa yake amfani da su. In aka zubar da su, sun tafi. Ƙara hasken allo ba zai dawo da su ba, murabba'an kawai zai ƙara bayyanawa. A ganina duk abin da bai kai GB 2 ba kada ku sa rai da shi, ko da yake ya danganta da yadda aka matse shi: sabon tsarin HEVC yana riƙe duhu fiye da tsoho a girma ɗaya. Idan a manhajar kallo ta halak kuke, ku shiga saiti ku cire tanadin data, don ita da kanta take rage inganci in layi ya yi rauni.

Kada kuma ku ruga ku ce sai 4K. Akasarin na 4K da tsarin HDR suke zuwa, wato mai ƙara tazara tsakanin haske da duhu, kuma HDR a allon da bai iya shi ba dusu-dusu yake fitowa kamar an wanke shi. A talabijin mai araha da aka rubuta wa HDR a kwali amma fitilarsa ba ta da ƙarfi, sau da yawa ya fi na 1080p duhu. Idan hoton ya koma kore da shunayya, fayil ɗin Dolby Vision ne, wani nau'in HDR, na'urarku ba ta karanta shi. A irin waɗannan talabijin, 1080p mara HDR ya fi.

Na uku, saitin talabijin. Ku zaɓi Filmmaker Mode, in babu to Cinema ko Movie. Ku kashe tanadin wuta da na'urar da take rage haske da kanta. Ku kashe Dynamic Contrast, shi ne yake haɗiye abin da ke cikin inuwa. Sannan ku kula, akwai maɓalli biyu da ake rikitawa: ɗaya yana ƙara ƙarfin fitilar allo, ɗaya yana ɗaga baƙi ya koma toka. Na farkon ake so, yawanci Backlight ko OLED Light ake kiransa. Amma kamfanoni ba su daidaita a suna ba, a wasu sababbin Samsung da Sony kalmar Brightness ita ce fitilar. Gwaji mai sauƙi: tsayar da fim, ku dubi baƙaƙen sandunan gefen hoto, in kuna ƙarawa suna yin toka sosai, ba shi ba ne, ku mayar. Gamma ku sa 2.4 in ɗakin duhu ne, 2.2 in akwai fitila. Mai haɗa kwamfuta da talabijin ta HDMI ya tabbatar duka biyun suna kan Limited ko duka suna kan Full. In suka saɓa, ko inuwa ta toshe ko baƙi ya koɗe. Ku kashe abin santsin motsi kuma, TruMotion a LG, Motionflow a Sony. Fim ɗin hoto 24 ne a daƙiƙa, wannan saitin yana ƙirƙiro na ƙarya a tsakani, kuma cikin duhu da hayaƙi ne ya fi yin kuskure.

Mai kallo a waya: cire tanadin batir, cire hasken da yake daidaita kansa, cire matacin kare ido mai sa allo ya yi rawaya, don kai tsaye yake kashe shuɗin daren nan. Allon AMOLED ya fi LCD a wannan fim nesa ba kusa ba.

Na ƙarshe shi ne ɗaki, kuma mai yiwuwa shi ya kamata in fara faɗa. Ba a kallon wannan fim da azahar a tsakar gida. Hasken da yake faɗowa kan allo ya fi abin da allon yake fitarwa a wuraren dare. A jira bayan isha'i, a kashe fitilar sama, in ido yana gajiya a bar ƙaramar fitila a bayan talabijin. Idan kun yi duk wannan kuma har yanzu wasu wuraren suna muku duhu, hankalinku ya kwanta, haka aka yi su.

Akwai siraran baƙaƙen sanduna dama da hagu. In zuƙo hoton?

Kar ku zuƙo. Faɗin hoton 1.66 ne a kan tsawo 1, talabijin ɗinku 1.78. Zuƙowa yanke kawunan mutane take yi.

Ba na jin abin da Orlok yake cewa.

Lasifikar waya ba ta iya fitar da murya mai zurfi irin wannan. Skarsgård ya yi horo da wata mawaƙiyar opera har ya saukar da muryarsa ƙasa sosai, yana kuma jan numfashi tsakanin kalmomi. Ku sa iyafis. A talabijin ku zaɓi sitiriyo in ba ku da lasifika biyar, in ba haka ba magana takan nutse cikin kiɗa. Sannan wasu maganganunsa ba Turanci ba ne, yaren Dasiyawa ne, tsoffin mazaunan yankin Romaniya, da aka sake ginawa don fim ɗin, mutanen ƙauye kuma suna yin Romaniyanci da Romani, yaren wata al'umma mai yawo. In rubutun fassara bai fito a waɗannan wurare ba, fayil ɗinku ne ya yar da shi.

Me ya sa yake cizo a ƙirji, ba a wuya ba?

Eggers ya koma tatsuniyoyin Gabashin Turai, inda ake cewa mamacin yakan hau ƙirjin mai barci ya danne shi. Wanda dannau ya taɓa kamawa ya san daga inda wannan tsoro ya samo asali. Cizon wuya na littafin Stoker ne da fina-finan da suka biyo.

Ni fa ban ji tsoro ba.

To, sannu da jarumta. Ba fim ɗin da dodo yake faɗo maka kowane minti goma ba ne, ko da yake akwai firgitarwa biyu ko uku. Abin da ya dogara a kai shi ne jira, da jikin Lily-Rose Depp lokacin da abin yake kama Ellen. Wannan karkarwa da murɗewa ita ta yi su da jikinta. Ku lura kuma da maganin da Likita Sievers yake ba ta: a zubar mata da jini, a sheƙa mata sinadarin ether mai sa barci, ta kwana cikin rigar matse ciki, a ɗaure ta a gado. Likitancin zamanin ke nan, kuma ni ya fi tayar mini da hankali a kan dodon. In akwai abin da zan yarda da masu suka a kansa, tsakiyar fim ɗin ne, bayan jirgin ruwan da ya ɗauko Orlok ya iso gari: maza suna ta kai da kawo suna bayanin abin da mai kallo ya riga ya sani.

A littafin ma rana ce ta kashe shi?

A'a. Dracula na Stoker yana yawo da rana a Landan, ƙarfinsa ne kawai yake raguwa, kuma da wuƙaƙe biyu aka kashe shi, Jonathan ya sare shi a wuya, abokin tafiyarsa Quincey Morris ya soke shi a zuciya. Mutuwa da fitowar rana daga fim ɗin 1922 ta shahara, haka annobar ɓeraye, haka Ellen da ta riƙe shi a ɗakinta har gari ya waye ta rasa ranta. Abin da Eggers ya ƙara shi ne Ellen ce ta kira shi tun tana yarinya cikin kaɗaici, da wa'adin dare uku da ya ba ta. Farfesa von Franz na Willem Dafoe shi ne madadin Van Helsing, malamin da ya jagoranci farautar Dracula a littafin.

Ɓerayen na gaske ne?

Na gaba-gaba na gaske ne, Eggers ya ce 5,000. Na can baya kwamfuta ce ta cike. A Prague, babban birnin ƙasar Czech, aka yi mafi yawan aikin, a sutudiyon Barrandov. Wajen gidan Orlok kuma fadar Corvin ce a Romaniya.

Zan iya kalla da yara?

Wace irin tambaya ce wannan? Akwai tsiraici, akwai saduwa, akwai mutumin da ya gatse kan tantabara, an kashe ƙananan yara mata biyu. Ba na yara ba ne, ba kuma na falo da surukai ba ne.

Za a yi kashi na biyu?

Na me? Orlok ya mutu, Ellen ta mutu. Fim ɗin Eggers na gaba Werwulf ne, labarin mutum mai rikiɗa kyarkeci a Ingila ta ƙarni na 13, kamfanin Focus Features ya sa masa ranar Kirsimetin 2026.