Idan An Miƙo Maka Makirufo: Tambayoyi Kan Fargabar Magana a Gaban Jama'a

Me ya sa da zarar an kira sunana gabana yake faɗuwa, bakina ya bushe?

Jikinka ne ya ɗauka akwai haɗari. Wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda suna sakin sinadarin adirenalin cikin jini, sai zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, yawu ya ƙafe, hannu ya kama rawa. Abin da ke samun mutum idan kare ya biyo shi, shi ne ke samunsa idan idanu ɗari suka yo kansa. Ba ƙarancin ilimi ba ne, kuma yawanci yakan lafa da an ɗan yi nisa a magana.

Manya ma suna jin haka?

Ƙwarai. Da Allah ya aiki Annabi Musa (AS) wurin Fir'auna, ya roƙi a buɗa masa ƙirjinsa, a sauƙaƙa masa lamarinsa, a warware ƙullin harshensa domin a fahimci zancensa. Yana cikin Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28. Shi ya sa malamai da dama suke buɗe karatu da wannan addu'a.

In haddace jawabin gaba ɗaya?

A'a, kuma ina faɗin haka da ƙarfi. Na taɓa ganin wata ɗaliba a gasar muhawara, ta haddace shafi biyu tsaf, tana zubowa kamar ruwa. Wani ya yi tari a bayan zaure, kalma ɗaya ta kuɓuce mata, shi ke nan. Ta koma farko, ta sake tsayawa a daidai wurin, hawaye suka cika idonta. Yarinyar ta san batun sarai, hadda ce ta ɗaure ta. Da ta riƙe ma'anar, da ta faɗe ta da wasu kalmomin ta wuce, babu wanda zai lura.

Abin da za ka haddace shi ne jimlolinka biyu ko uku na farko, domin a nan fargaba ta fi tsanani. Sauran kuwa, rubuta kanun batutuwa uku a 'yar takarda da manyan baƙaƙe.

To yaya zan shirya?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi jawabin da murya, a tsaye, ba a zuci ba. Abin da ya yi daɗi a kai sau da yawa yakan sarƙe a baki. Ɗauki kanka a waya ka saurara, za ka ji yawan "to" da "wato" da kake yi. Ka duba agogo: in minti 5 aka ba ka, shirya na minti 4. Sannan ka tara ƙannenka ko abokai biyu ka gwada a gabansu.

Wani abin da ake mantawa shi ne gaisuwa. A taronmu, wanda ya kira Hakimi da sunan Dagaci, ko ya tsallake liman, ya rikita kansa tun bai fara ba. Tambayi masu shirya taro sunayen manyan baƙi da muƙamansu, ka rubuta su bi da bi.

Ana saura kaɗan a kira ni fa?

Ja numfashi ta hanci a hankali, ka fitar da shi a tsawon da ya fi na shaƙa, sau huɗu ko biyar. Kurɓi ruwa. Ka rage goro da shayi mai kauri a ranar, suna ƙara bugun zuciya.

Idan kaina ya ɗauke a tsakiya?

Yi shiru, kada ka shiga kame-kame ko ba da haƙuri. Shirun da kake ji kamar shekara, a kunnen jama'a daƙiƙa uku ne. Dubi takardarka, maimaita jimlar ƙarshe da ka faɗa, ka nemi fuska ɗaya mai gyaɗa kai a cikin taron, ka ci gaba kamar da ita kaɗai kake magana.