Waiwaye: Charley Patton, makaɗin gonakin auduga na Misisifi

Duk mai son sanin tushen kiɗan bulus (blues), wani salon kiɗa da waƙa na baƙar fatar Amurka, sai ya bi ta gandun Dockery a jihar Misisifi ta Amurka. Can iyayen Charley Patton suka koma da shi wajen 1900, yana yaro. An soke bauta tun 1865, amma baƙar fata ba su huta ba: mai gandu ya ba ka fili da iri bashi, ka noma auduga, in kaka ta yi a raba, sau da yawa ka tashi da bashi a wuya. A nan Patton ya koyi kiɗan jita wurin wani makaɗi, Henry Sloan, ya shiga yawon gidajen rawa na daren Asabar.

Muryarsa kakkaura ce mai gurnani, tana kaiwa nesa ba lasifika. Ga iya wasa: ya kaɗa jita a bayan ƙeya, ya kaɗa ta tsakanin ƙafafu, ya doki cikinta kamar ganga.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya adana labarin mutanensa. Ya yi waƙar ƙwaron da ke cinye auduga, ya yi ta jami'an da suka tsare shi. Da kogin Misisifi ya yi ambaliya a 1927, ya raba fiye da mutum dubu 600 da gidajensu, Patton ya rera "High Water Everywhere", wato "ruwa ya cika ko'ina", yana kiran garuruwan da ruwa ya ci ɗaya bayan ɗaya, har da faɗin yadda aka hana shi hawa tudu ya tsira. Talakan da jarida ba ta kula da shi ba, a bakin Patton ya samu mai magana.

Sai a Yunin 1929 kamfanin Paramount ya fara ɗaukar muryarsa, yana dab da shekara 40. Abin takaici, da kaya masu araha kamfanin ke buga faifan garmaho, shi ya sa ƙara ke danne kalmominsa har yau.

Ciwon zuciya ya yi ajalinsa ranar 28 ga Afrilu, 1934, kusa da garin Indianola na Misisifi, watanni kaɗan bayan ɗaukarsa ta ƙarshe a New York. Mawaƙi Howlin' Wolf, wanda ya koyi jita a hannunsa, shi ya kai wannan gurnanin Chicago a farkon shekarun 1950, inda aka haɗa shi da jitar lantarki.